Farar Riruwai

A ƙauyenmu, can bayan Ƙafin Maiyaki, idan aka sa ranar bikin yarinya, kafin a yi zancen gado ko kwanuka sai an fara aiko wa Innarmu da goro. Ita ce mai shafen ɗakin amare. Ba wai sauran matan ba su iya ba ne, kowace mace ta san yadda ake jiƙa farar ƙasa a bi bango da tsumma. Sai dai farar ƙasar kowa da kowa, kafin amarya ta gama cin amarcinta ta fara zubowa, mutum ya jingina da bango ya tashi kamar wanda ya wuni a injin niƙa. Ta Inna ba ta zuba, ba ta tsagewa, kuma idan rana ta leƙo ta taga sai ka ga bangon yana ɗan ƙyalli. Farar Riruwai ake ce mata. Mu 'ya'yan gidan muna taƙama da ita sai ka ce mu muka ƙirƙiro ta.

Babanmu ne ya fara kawo ta. Manomi ne, amma da an gama kai amfanin gona gida sai ya ɗaure ƙunshinsa ya tafi Riruwai cin rani wajen masu haƙar kuza. A can akwai wani tsohon gidan inji da aka daɗe da daina aiki da shi, cike da manyan bututu, kowanne an naɗe shi da wani farin abu mai kama da auduga da aka kwaɓa da alli. Mutane suna kwasar ƙarfe da kwanon rufi, shi kuwa Baba, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya iya wuce abu a yashe, ko da tsohon takalmi ne wari guda. Ya ga wani ya jefa farin abin nan cikin wuta bai ci ba, sai ya ce wannan ai na murhu ne. Ya ɓamɓaro shi da hannu ya cika buhu ya kawo wa Inna. Ta yaɓe murhunta da shi, ragowar da ke cikin ƙwarya ta shafa a bangon madafa don kada ta zubar. Da ya bushe ta ga yadda bangon ya koma, sai ta kira maƙwabta su gani. Daga wannan shekarar, duk dawowar Baba daga cin rani da buhunansa yake dawowa.

Ba a shafa ta yadda ta zo. Sai an daka a turmi, a tankaɗe da rariya mai laushi, sannan a dama garin da ruwan ƙaro. Aikin mu uku ne, Inna da Yaya da ni, don mazan da ke tsakanina da Yaya ba ruwansu da aikin mata. Yaya ce 'yar fari, ni ce auta. Inna irin matan da ce masu tsananin alkunya. Ban taɓa jin ta kama sunan Yaya ba, sai dai ta ce "babbarku", kuma idan za ta aike ta, bango take kallo tana magana. Ni kuwa sunana a bakinta yake tun safe, yawanci da faɗa.

Ni da Inna mu ne a tsakar gida da taɓare, rana na dukanmu. Yaya kuma tana cikin ɗakin ajiya a zaune kan kujera 'yar tsugunno, an saki asabari an toshe taga da tsumma don kada iska ta kwashe garin. In mun daka sai in tura mata ta ƙasan asabari. Idan ta fito bayan la'asar ba ka gane ta, gira fari, gashin ido fari, cikin hanci fari, tana atishawa tana dariya. Ina tsokanar ta da kaka mai furfura, ita kuma ta bi ni da gudu ta goga mini fuskarta. Amma a raina haushi nake ji, ba zan ɓoye ba. Gani nake ni aka tsana, aka bar ni a rana hannuna duk ya yi bororo, ita an ba ta aikin zaune. Sau da yawa na yi ƙunƙuni, Inna ta ce in ban rufe bakina ba za ta rufe mini shi.

Haka muka yi shekara da shekaru, har aka kai Yaya ɗakinta a Bebeji, wanda ita da kanta ta tankaɗe garin shafensa. Bayan tafiyarta sana'ar ba ta daɗe ba ta mutu. Baba ya daina zuwa cin rani saboda wani tari da ya matsa masa, wanda da shi ya koma ga Allah, aka ce sanyi ne ya kama masa ƙirji. Mutane suka koma ginin bulo da fenti. Ni na yi karatu na zama malamar firamare a Tudun Wada, na yi aure a can. In aka tuna farar Riruwai, sai dai a hirar da, a yi dariya a wuce.

Yaya mace ce mai jiki da murya, wadda in ta yi sallama a zaure sai an ji a ƙuryar gida. Hatsi take sayarwa a cikin gida, kuma ita kaɗai take jan buhun masara daga ƙofa zuwa ɗaki ba ta nemi kowa ba. Shi ya sa ranar da na je gaishe ta na tarar ta tsaya a tsakar gida da bokitin ruwa tana haki, dariya na yi mata, na ce ƙiba ce, ta rage cin tuwo. Ta ce ita ma haka ta gani. Ta haura hamsin a lokacin. Bayan 'yan watanni sai ga busasshen tari, da wani ciwo a haƙarƙarin dama da ke hana ta kwanciya ta wannan gefen. A asibitin kusa da su aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ta kan magani na tsawon watanni, a gida kuma aka ware mata kofi da kwano. Wannan warewar ta fi ciwon ƙona mata rai. Ta shanye maganin tas, ba fashi, amma sai ramewa take, zoben hannunta har ya fara zamewa da kansa.

Da muka ga abin ya ƙi, ni da mijinta muka kai ta wani babban asibiti a Kano. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ruwa ya taru a gefe guda ya danne huhu. Aka zuƙe shi da allura, ta ji daɗi ta ce ta warke a mai da ita gida, kafin a jima ya sake taruwa. Sai suka ɗebo ɗan nama daga ciki suka kai awo. Ranar da sakamako ya fito mijin ya tafi nemo magani, don haka ni kaɗai na shiga da ita wajen likita, wani dattijo mai furfura a gemu, mai magana a hankali.

Bai fara da sakamakon ba. Ya ce, "Hajiya, kin taɓa aiki a masana'anta?"

Yaya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Likita, ni daga gidan ubana sai gidan mijina."

"Maigidan fa? Yana aikin gini, ko sa silin, ko gyaran birkin mota? Ke kike wanke masa kayan aiki?"

"Manomi ne. Kayansa in sun yi datti, ƙasar gona ce."

Sai ya ce abin da aka gani ciwon daji ne na fatar da ta lulluɓe huhu, kuma mafi yawan waɗanda ake samu da irinsa sun taɓa shaƙar ƙurar wani abu da ake kira asbesto. Nan na yi karaf na shiga, da yake malama ce ni, dole in nuna na sani. Na ce ai na san asbesto, silin ɗin ajinmu ma shi ne, amma gidan da muka tashi ko silin babu, azara ce da ƙasa, don haka a sake duba takardar, wataƙila ta wani ce aka haɗa mana. Har da ɗan ɗaga murya.

Bai ji haushi ba. Ya ciro wayarsa ya ce bari ya nuna mana siffofin da abin yake zuwa. Ya nuna wani rufi mai toka-toka, muka ce a'a. Ya nuna silin, muka ce a'a. Ya sake shafa wayar, sai ga wani tsohon bututu naɗe da farin abu, ya yayyage yana reto kamar auduga. Ban taɓa zuwa Riruwai ba, ban taɓa ganin bututun ba, amma abin da ke jikinsa, sau nawa na ɗebe shi da hannuna na zuba a turmi? Na ji bakina ya ce, "Yaya, farar Riruwai ce."

Likitan ya tambayi abin da muke yi da ita. Na fara ba shi labari, ɗan alfaharin nan na da bai ma gama fita daga muryata ba. Ina cikin magana na ga ya ajiye biro.

"Dakawa kuke yi? A turmi?"

"E."

"Sannan a tankaɗe?"

"E, ita ce mai tankaɗen."

"A fili?"

Na ce a'a, a ɗaki, a rufe, don kada iska ta kwashe.

Ya cire tabarau ya dafe goshi ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Na sha ganin likitoci, ban taɓa ganin wanda ya yi salati a gaban mara lafiya ba sai ranar.

Ya yi mana bayani, ina jin sa kamar daga nesa. Abin nan daga dutse ake haƙo shi, zare-zare ne ƙanana da ido ba ya gani. Matuƙar yana zaune ba a taɓa shi ba, da sauƙi. Amma da an fasa shi ko an kankare, zaren sai ya tashi a iska, in an shaƙa ya shige huhu ya soke, ba ya narkewa, tari ba ya fito da shi. Sai ya yi shiru shekara ashirin, talatin, arba'in, mutum yana noma yana haihuwa yana aurar da 'ya'ya, sannan ya tashi. Ba kowa yake kamawa ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani, ke nan kofin da aka ware wa Yaya a banza aka ware shi. Ya ce a ƙasashen Turawa an daɗe da gano haka daga ma'aikatan da suka riƙa mutuwa, har da matansu masu kakkaɓe musu riguna, kuma ƙasashe da dama sun hana amfani da shi kwata-kwata. Na ce tun yaushe aka sani? Ya ce tun kafin a haife ni, da nisa.

Wannan ce maganar da ta ƙona ni. Tun kafin a haife ni an sani! Matar da ta kakkaɓe riga kawai ta mutu, mu kuwa muna dakawa kamar gero, har da waƙa da lugude. Gidanmu rediyo ba ta mutuwa tun asuba, mun ji maganar ƙyanda, mun ji ta kurkunu, mun ji ta takin zamani, amma ban taɓa jin wanda ya ce mana farin abin da ke jikin bututu guba ne ba. Na tambaye shi magani. Ya ce za a yi abin da zai rage mata wahala, a riƙa zuƙe ruwan, a ba ta na ciwo. Bai ce za ta warke ba, kuma Yaya ta gane. Ni ma ya ce in je a ɗauki hoton ƙirjina, in riƙa zuwa lokaci-lokaci. An ɗauka, ba a ga komai ba zuwa yanzu.

Da muka fito muka zauna kan benci a gindin wata darbejiya muna jiran mijinta. Ina ta kuka ina masifa, ita ko hawaye babu. Sai da na yi shiru ta kamo hannuna.

"Auta, ki yi mini alkawari ɗaya. Kada Inna ta ji."

"Ciwon za a ɓoye mata?"

"Ciwo ai ba ya ɓoyuwa. Ki ce ciwon daji ne, Allah ne ya kawo. Amma zancen farar nan, daga ni sai ke. Tsohuwar nan abu ɗaya take taƙama da shi a duniya. In ta ji shi ne ya yi mini haka, wallahi za ta riga ni tafiya."

Na yi mata alkawari. Ko mijinta ba mu faɗa wa ba.

Yaya na da 'ya budurwa wadda Inna ta ɗauka tun yaye ta riƙe a ƙauye, an riga an yi mata baiko da wani saurayi ɗan garin da take so. Da jikin Yaya ya yi tsanani sai aka matso da bikin, ko Allah zai sa ta gani. Wata safiya ina Tudun Wada ina shirin tafiya makaranta, sai ga wayar yarinyar, tana ta murna. Ta ce Inna ta sa an sauko da wani tsohon buhu daga can saman rumbu, wai tun Baba na da rai ta ɓoye shi don jikarta. Yau za a daka a yi mata shafe irin na da, ita da ƙawayenta ne za su yi tankaɗe.

Ban san yadda na sa hijabi ba. Na ce mata kada ta kuskura ta taɓa buhun, tana tambayar dalili na kashe wayar. Na hau mota zuwa Ƙafin Maiyaki, daga nan na hau acaba, ina ta ce wa mai babur ya ƙara wuta har ya ce, "Hajiya, in kina so mu isa da ranmu ki ƙyale ni."

Na tarar an wanke turmi an kife yana bushewa, ga sabuwar rariya a kan faifai, 'yan mata sun cika tsakar gida. Buhun yana jingine da bango, ya yi baƙi don tsufa, bakinsa a ɗaure. Inna na zaune kusa da shi fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin ciwon Yaya.

Na gaishe ta a gurguje na ce, "Inna, zuwa na yi in ce ni zan sayi fenti, mai kyau, wanda ake wankewa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Fenti? Wannan mai warin kalanzir ɗin? Ki kai ɗakinki."

Na ce yanzu an daina yayin shafe, ƙawayen amarya za su yi mata dariya. 'Yan matan suka haɗa baki suka ce su wallahi suna so. Na ji kamar in bi su da mari ɗaya bayan ɗaya. Na ce to ai abin ya daɗe a ajiye, ya lalace, ba zai kama bango ba.

"Ta lalace? Ke kika san ta ko ni?"

Kafin in ankara ta kwance bakin buhun, ta cusa hannu ta dumbuzo, ta murtsuke a tafinta, ta hura don in ga laushinta. Ƙurar ta tashi a cikin hasken hantsi, fara, tana ƙyalli, amarya kuma na tsaye a gefen kafaɗarta ta leƙo da baki buɗe.

Ihun da na yi, har maza suka leƙo daga zaure. Na fizgi yarinyar na wurga ta baya, na suri bokitin ruwan da ke bakin rijiya na sheƙa a kan buhun da hannun Inna da zanenta. Na ƙara wani. Na kori 'yan matan waje, na ce su je su wanke fuska da hannu, kada wadda ta dawo. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwa yana ɗiga daga buhu.

Inna ba ta tashi ba. Ruwa na bin gwiwar hannunta. Ta ce, "Ko dai kin haukace, ko kuma akwai abin da kika sani. Wanne ne?"

Na duba ko'ina ban ga wata ƙaryar da ta rage mini ba. In na yi shiru, ina juya baya za ta shanya shi a rana ta daka. Na durƙusa a cikin taɓon na faɗa mata duka, hoton bututun, da abin da likita ya ce, da alkawarin da na ɗaukar wa Yaya wanda nake karyawa a gabanta.

Na zaci za ta ƙaryata ni, ko ta fashe da kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Tarin Malam fa?" Haka take kiran Baba.

"Ban sani ba, Inna. Babu mai iya sani yanzu."

"Ni da na daka shekara da shekaru, ga ni daram. Ita tankaɗe kawai ta yi."

Na ce a fili iska tana ɗauke wani, a rufaffen ɗaki kuwa duk wanda ya tashi ba shi da wurin zuwa sai hancin wanda ke ciki.

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ni na sa ta a ɗakin. Tun tana ƙarama in rana ta dake ta sai ta yi haɓo. Ba ni da bakin da zan ce a gaban mutane 'yar fari ta huta, sai na ce ita ce mai tankaɗe. Da hannuna nake toshe tagar."

Daga nan ta miƙe. Ta sa aka kira yayyena maza suka haƙa rami mai zurfi a bayan gida, nesa da rijiya. Muka ɗaure hanci da ɗankwali, muka zura jiƙaƙƙen buhun cikin babbar leda, aka binne shi tare da ƙasar wurin da ya jiƙa da zanen da ke jikinta. Da suka tambayi dalili, ita ce ta amsa, ta ce maganin ɓera ne ya zube a ciki.

Da la'asar ina shirin komawa ta kira ni ɗaki. Na same ta tana ɗaure kayanta a zane. Ta ce gobe in zo in kai ta Bebeji, can za ta zauna. Wannan kaɗai abin mamaki ne, don Inna ba ta taɓa kwana a gidan Yaya ba, ko da haihuwa.

"Kuma ni ma ki yi mini alkawari. Kada ki gaya mata na sani. Tunda don ni ta ɓoye, a bar ta da abinta."

Aka yi biki, ɗakin amarya da fenti ruwan madara. Yaya ba ta iya zuwa ba, a waya aka nuna mata hotuna. Inna ta tare a ɗakinta, ita ke dama mata kunu, ita ke jingina ta da filo in numfashi ya ƙi, amma har a lokacin in za ta yi mata magana bango take kallo. Ni kuma duk ƙarshen mako sai in zo in zauna a tsakaninsu, kowacce ta ba ni ajiyar da ba zan iya nuna wa ɗayar ba, suna hirar damina da tsadar taki.

Wata rana da hantsi wata tsohuwar maƙwabciyar Yaya ta shigo dubiya. Bayan gaisuwa da addu'a ta dubi Inna ta ce, "Ashe ke ce mai shafen nan! Wallahi ranar da aka kawo 'yarki unguwar nan, kafin a rushe tsohon ɗakin, kowa sai da ya zo kallon bango. Ban taɓa ganin fari irinsa ba. Da me kike yi ne?"

Na juya na dube su. Inna tana yi wa Yaya fifita da maficin kaba, ta ce, "Wata ƙasa ce, ta ƙare tuni."

Yaya ta yi murmushi, ta tattaro ɗan numfashin da ya rage mata, tana magana tana tsayawa. "Ni ce ma mai tankaɗen. Aikin 'yan gata. Ina zaune a inuwa, Auta na can rana na gasa ta tana ƙunƙuni." Ta juya ido wajen Inna. "Ba ta faɗa, amma na san don ni ta yi."

Maƙwabciyar ta yi dariya. Inna ba ta daina fifitar ba. Ta ce, "Surutun ya isa, a huta." Ni ce na kasa. Na tashi na ce zan duba tukunya, alhali ba a ɗora komai ba, na je bayan madafa na toshe bakina da mayafi.

Yaya ta rasu ana fara karyar masara, kanta a kan cinyar Inna, babu wadda ta buɗe wa ɗaya sirrin da ke ranta. Da aka gama zaman makoki muka koma ƙauye, Inna ta yafa mayafi ta ce in zo in riƙe mata hannu. Muka fara daga gidan da ke ƙarshen gari, inda har yanzu akwai ɗakin ƙasa da shafenta a jiki. Matar gidan ta fito da sauri tana shimfiɗa tabarma. Inna ta ce ta bar tabarmar, ba zama ya kawo ta ba. Ta nuna bangon da sandarta ta ce, "Wannan da na yi miki, shi ya kashe mini 'ya. Kada ki bar kowa ya kankare shi."